Bishiyar alpargata: tafiya zuwa tafkin Enriquillo da rikicin sunan Consolea

Daga Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominikan, zuwa Barahona kusan kilomita 200 ne. Motar haya takan ci awa uku zuwa huɗu, gwargwadon cunkoson fita gari. Har a wuce San Cristóbal ƙasa kore ce shar, ga rake ga ayaba. Baní garin mangwaro ne. Daga bayan Baní ne ƙasa ke juyewa, domin manyan tsaunukan tsakiyar tsibirin Hisfaniyola, wanda ƙasar ke rabawa da Haiti, suna tare iskar da ke ɗauko ruwa daga arewa maso gabas, sai kwarin Azua ya zauna a bayan dutse, hadari na wuce shi. Ciyawa ta ƙare, ƙaya ta karɓi hanya. A nan na fara ganin abin da ya kawo ni: wata bishiya mai tsayin mita huɗu zuwa biyar, gindinta a miƙe sak, ƙaya ta rufe shi ruf, a samanta kuma wasu faffaɗan tafuka kore sun baje hagu da dama. Mutanen ƙasar suna ce mata alpargata, sunan wani takalmin yadi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, saboda siffar tafukan. Masana tsirrai suna ce mata Consolea moniliformis, kuma nau'in kaktus ce.

Ba ita kaɗai ba ce a dajin. Akwai cayuco, kaktus mai dogayen rassa a tsaye masu gwadabe. Akwai guasábara, gajere mai gaɓoɓi da ke ɓallewa su maƙale a wando ko ƙafar akuya. Akwai cagüey, wanda shi ma bishiya ne sosai. Sai bayahonda, itaciyar ƙaya da ta cika ko'ina, wadda da ita ake yin mafi yawan gawayin yankin. Duk wanda ya iso nan karon farko zai ga komai ƙaya ce kawai. Sai ya sauka daga mota, ya tsuguna, sannan bambanci ke fitowa.

Abu na farko da ya kamata Bahaushe ya warware shi ne bambancin kaktus da ƙerana ko tinya. Da yawa daga cikinmu in sun ga hoton kaktus sai su ce ai muna da shi a gida, ana shinge da shi. Ƙerana da tinya da aguwa 'yan dangin Euphorbia ne. In ka yanke su farin ruwa mai kauri ke fitowa, mai ƙona fata, mai haɗari ga ido. Kaktus kuwa ruwansa mai yauƙi ne, garau. Babbar shaida ita ce abin da zan kira gurbin ƙaya: wani ɗan kumburi mai laushi, mai ɗan gashi, wanda daga cikinsa ne ƙaya da fure da sabon reshe duk suke fitowa. Babu wani dangin tsiro a duniya mai wannan gurbi sai kaktus. Asalin dangin kuma nahiyar Amurka ne. In ban da nau'i ɗaya mai rataya a kan bishiyoyi, Rhipsalis baccifera, duk kaktus ɗin da ake gani a Afirka kawo shi aka yi.

Cikin dangin akwai reshen masu tafuka, wanda Opuntia ke jagoranta, kaktus ɗin da ake noma don 'ya'yansa a Maroko da Tunisiya da arewacin Habasha. Alpargata 'yar wannan reshe ce, amma gindinta ya raba ta da su, kuma gindin ne wurin da ya kamata a fi daɗewa ana dubawa. A Opuntia, tafi ne ke haifar tafi. Kowanne yana girma ya kai iyakarsa ya tsaya, sai wani ya fito a bakinsa. In shekaru suka ja, tafukan ƙasa su yi kauri su yi ɓawo su zama kamar gindi, amma in ka bi da ido za ka ga mahaɗa, gaɓa bayan gaɓa. A Consolea ba haka abin yake ba. Ƙaramin tsiro yana tashi da jiki ɗaya dogo, ɗan shimfiɗaɗɗe, kuma kansa ba ya rufewa, yana ta ƙaruwa shekara da shekaru. Ƙasansa yana mulmulewa ya zama zagayayye, samansa yana nan a shimfiɗe yana ci gaba. Na bi gindin bishiyoyi da dama daga ƙasa har inda ido ke kaiwa, babu gaɓa ko ɗaya. Rassan gefe su ne tafukan, suna fitowa daga gefunan nan biyu na kan da ke girma, sau da yawa biyu-biyu suna fuskantar juna, shi ya sa bishiyar ke da tsari kamar an auna ta. Tafukan ƙasa suna zubewa in sun tsufa, gindi ya rage tsirara da ƙayarsa. Gurabun ƙayar gindi ba sa mutuwa, suna ta ƙara sabuwar ƙaya, wasu har santimita 10, suna sarƙe juna har ɓawon ba ya ganuwa.

Tafin alpargata yakan kai santimita 10 zuwa 30, dogo ne, kuma ba kasafai gefunansa biyu ke daidaita ba, ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa. A wannan nau'in fatar tana da zane, layuka sun kewaye kowane gurbi sun yi raga. Wannan zanen yana cikin abubuwan da ake raba moniliformis da 'yan uwanta masu santsin fata. Sai kuma abin da ya fi doguwar ƙaya cutarwa: gashin ƙaya, ƙanana ƙwarai, launin ruwan ƙwai, cunkushe a kowane gurbi, kowanne da ƙugiyoyi masu kallon baya. Taɓawa kaɗan sun ɓalle sun shige fata, kuma ƙaiƙayin gero wasa ne a kansu. Safar hannu ta yadi ba ta da amfani, tana kwashe su ne ta riƙe, duk ranar da ka sake sa ta sai ta sakar maka. Abin riƙo shi ne matsefin ƙarfe irin na juya nama, ko jarida da aka ninka sau da yawa. In sun shiga, kada a sosa kuma kada a sa baki. A fara cire tarin da hantsaki a hasken rana, sannan a shafa farin gam na itace, a ɗora bandeji, a bari ya bushe kamar rabin awa, a ɓanɓare. Wanda ya karye a ciki yakan yi ƙurji na makonni.

Daga mararrabar da ke gab da Barahona hanya ke karkata yamma zuwa Neiba, garin inabi, sannan Villa Jaragua, Postrer Río, La Descubierta. Kwarin yana tsakanin tsaunukan Neiba a arewa da na Bahoruco a kudu, kuma a tsakiyarsa tafkin Enriquillo yake kwance, mafi girma a duk yankin Karibiyan, kimanin mita 40 ƙasa da teku. A da can mashigin teku ne. Har yau ana taka busasshen murjani da ɓawon kifin teku a bakin hanya, nesa da kowace gaɓa. Ruwan tafkin gishiri ne, a wasu shekarun ya ninka na teku. Ruwan sama a nan bai fi abin da Katsina ke samu ba, sai dai yana zuwa kashi biyu, wajen watan Mayu da kuma wajen Satumba da Oktoba, zafi kuma yana kwashe shi nan da nan. Daga wajen 2004 tafkin ya yi ta cika har ya cinye gonaki da makiyaya, aka tashi ƙauyen Boca de Cachón aka sake masa matsuguni a 2014. Kututturan bishiyoyin da gishiri ya kashe suna nan tsaye a bakin ruwa. Kaktus yana jure fari, amma ba ya jure saiwarsa ta kwana cikin ruwa, balle na gishiri.

A ƙofar gandun da ke kusa da La Descubierta ake shiga kwalekwale zuwa tsibirin Cabritos, mai tsawon kusan kilomita 12. A je da sassafe, da ruwan sha lita uku aƙalla ga kowane mutum, da takalmi mai kaurin ƙasa, domin ƙayar da ta zube tana huda soso. Akwai kadoji a tafkin, akwai kuma manyan ƙadangarun iguwana iri biyu: mai ƙaho a hanci, da kuma iguwanar Ricord mai jan ido da zobba a wutsiya, wadda babu ita ko'ina a duniya sai kudancin tsibirin Hisfaniyola. 'Ya'yan alpargata suna cikin manyan abincinta, musamman da rani, abinci ne kuma ruwa ne. Shi ya sa ƙungiyar kare muhalli ta Grupo Jaragua ke dasa alpargata a wuraren da masu gawayi suka share a kudancin tafkin.

A ƙarƙashin bishiyoyin nan na ga abin da ya haifar da rikicin suna. Ɗan alpargata dogo ne, kimanin santimita 6, ɗan shimfiɗaɗɗe, kuma jikinsa cike yake da gurabun ƙaya, domin a kaktus abin da ke kewaye da mahaifar fure reshe ne. Tun da reshe ne, yana iya tsiro. Da yawa suna faɗowa tun suna kore, ba iri a cikinsu, su yi saiwa a inda suka faɗi, su fitar da ɗan ƙulli, ƙullin ya fitar da wani, har a sami jeri na ƙananan gaɓoɓi zagayayyu a kwance a ƙasa. Wanda bai ɗaga kai ba ba zai taɓa cewa wannan da bishiyar da ke samansa abu ɗaya ba ne.

Charles Plumier, malamin coci ɗan Faransa da ya yi tafiye-tafiye uku zuwa waɗannan tsibirai a ƙarshen ƙarni na 17, ya zana wannan jeri na ƙulle-ƙulle. Carl Linnaeus na Suwidin bai taɓa taka nahiyar Amurka ba. Da zanen ya yi aiki, a 1753 ya raɗa wa tsiron Cactus moniliformis, wato mai siffar tsakiyar wuya. Ke nan sunan bishiyar mita biyar ya samo asali ne daga jaririyarta. Da babbar ta isa lambunan Turai, sai aka ɗauke ta wani abu daban, Willdenow na Balin ya kira ta Cactus ferox saboda muguwar ƙayarta. De Candolle ya mayar da ta Linnaeus cikin rukunin Cereus a 1828, wurin da ba nata ba ko kaɗan. A 1908 Nathaniel Britton na Niyok ya sake ba ta wani sunan, Opuntia haitiensis. Duk bishiya ɗaya. Ƙa'idar sunayen tsirrai ta ce sunan da ya riga fitowa bisa ƙa'ida, daga 1753 zuwa gaba, shi ke da iko, ko ya dace da siffar tsiron ko bai dace ba. Don haka moniliformis ya zauna, sauran suka koma jerin sunayen da aka ajiye. Ina ganin ƙa'idar daidai ce. In aka ce kowa ya sauya suna don bai yi masa kama ba, ba za a taɓa gamawa ba.

Rabin farko na sunan ya zo ne a 1862, lokacin da Charles Lemaire, shi ma ɗan Faransa, ya ware waɗannan bishiyoyi ya ba su rukuninsu, ya sa masa sunan Michelangelo Console na lambun tsirrai na Palermo a Italiya. Lemaire ya yi gaskiya, amma ba a bi shi ba. Britton da abokin aikinsa Joseph Rose, a babban aikinsu kan dangin kaktus tsakanin 1919 da 1923, sun mayar da su cikin Opuntia a matsayin ƙaramin sashe, kuma nauyin sunansu ya sa duniya ta bi su shekaru da dama, duk da cewa Alwin Berger ya haɗa sunan Consolea moniliformis tun 1926. Shi ya sa a littattafai ake rubuta shi da harafin L, wato Linnaeus, a baka sannan sunan Berger a bayansa: na cikin baka shi ya fara raɗa sunan nau'in, na waje shi ya kai shi rukunin da yake yanzu. Mai neman bayani a tsofaffin takardu ko a tarin busassun tsirrai dole ya nema da sunaye biyun, in ba haka ba rabin abin zai wuce shi.

Binciken DNA ne ya raba gardamar, shi ma ba a tashi ɗaya ba. Consolea da Opuntia sukan yi barbara in sun haɗu a wuri ɗaya, kamar tsiron da aka sa wa Opuntia lucayana a tsibiran Turks da Caicos, kuma irin waɗannan 'ya'yan gauraye sun rikita sakamakon farko. Aikin Lucas Majure da abokansa daga 2012 zuwa gaba ya nuna Consolea zuriya ce mai zaman kanta, kaka ɗaya, mai nau'o'i kusan tara, dukansu a tsibiran Karibiyan da bakin Filorida: spinosissima a Jamaika, macracantha a Kyuba, nashii da millspaughii a wajen Bahamas, rubescens a Puerto Rico da ƙananan tsibiran gabas, falcata a Haiti. Ginshiƙin lissafin kuromosom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, a dangin kaktus 11 ne, tsiro na yau da kullum yana da 22. A Consolea ba a sami mai 22 ba, daga 66 ake farawa har 132. Kuma kada tsayi ya ruɗi mutum. Brasiliopuntia ta Kudancin Amurka tana da zagayayyen gindi kuma ta fi alpargata tsayi nesa, amma tafukanta na ƙarshe sirara ne kamar ganye. Manyan kaktus na tsibiran Galapagos da ke kai mita 12 kuwa Opuntia ne tsantsa. Zama bishiya ya faru sau da yawa a wannan reshe, kowanne ta hanyarsa.

Furen shi ne abin da na fi ɓata lokaci a kai, kuma ya cancanta. Ƙarami ne, faɗinsa bai fi santimita biyu ba, yana buɗewa ruwan lemo ya koma ja in ya kwana. A gindin sandar mace akwai wani kumburi da ke rufe ɗakin zuma, alama ce ta rukunin. Masu ziyararsa su ne ƙudan zuma da tururuwa da ɗan tsuntsun nan mai tsayawa cak a iska yana tsotsa, wanda ake kira zumbador a nan. Da ido, kowane fure yana da kayan namiji da na mace. A aikace kuwa bishiya ɗaya namiji ce, wata mace. Binciken Vivian Negrón-Ortiz da Lara Strittmatter ne ya fito da wannan fili a farkon shekarun 2000. Ga yadda ake ganewa, da madubin ƙara girma mai ninki 10 da reza. A zaɓi furen da ya buɗe a ranar, kafin rana ta take. A furen mace, kan sandar yana ɗagowa sama da zarurrukan namiji, yatsunsa a buɗe, jakunkunan garin fure kuma a yamushe, ba komai ciki. A furen namiji jakunkunan a cike suke, in ka goga baƙin yadi za ka ga gari, kan sandar kuma a dunƙule yake a ƙasa. Sannan a tsaga furen a tsaye. A mace za a ga ƙwayayen iri farare a cike da ramin mahaifa, a namiji ramin kusan wofi ne ko ƙwayayen sun lalace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga “'ya'ya” rataye a bishiya a rubuta mace. Namiji ma yana riƙe gindin furensa ya kumbura, har ya faɗi ya tsira. Sai an tsaga an ga iri. Irin Consolea kuma yana da gashi a jikin suturarsa, wata shaidar da ke raba shi da na yawancin Opuntia.

Wannan ɓoyayyen jinsi ba zancen aji ba ne kawai, ga abin da ya jawo a Filorida. John Kunkel Small ya siffanta Consolea corallicola a 1930 daga ƙananan tsibiran kudancin jihar. Daga baya aka haɗe ta da spinosissima ta Jamaika, aka ce abu ɗaya ne. Tsiron da ake ganin yana da yawa a wata ƙasa ba ya samun kulawa, ko da saura ƙwaya goma a gida. Sai a 1998 aka tabbatar nau'i ne daban, babu shi ko'ina sai nan. A lokacin tsiraru ne suka rage a tsibirin Little Torch, kuma da aka duba furanninsu, maza ne, suna ta yaɗuwa ta tafukan da suka faɗi, jiki ɗaya ana ta maimaita shi. A 2001 aka gano wani tari a wani ɗan tsibiri cikin gandun Biscayne. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa ba sai 2013. Shekarun da ya yi yana ɗauke da sunan wani, shekaru ne da aka yi asararsu.

Maƙiyinsa na kusa wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, Cactoblastis cactorum, ɗan asalin Ajantina. An kai shi Ostireliya a tsakiyar shekarun 1920 ya cinye Opuntia da ta mamaye makiyaya, aka yi ta yabonsa. A 1957 aka sake shi a tsibirin Nevis don irin wannan aiki, ba a yi lissafin cewa a Karibiyan kaktus ɗan gida ne ba. Ya bi tsibirai, ya shiga Hisfaniyola, ya isa Filorida a 1989. Macen tana jera ƙwai 70 zuwa 90 ɗaya kan ɗaya a bakin ƙaya, jerin ya yi kama da ƙayar kanta. Tsutsotsin ruwan lemo ne masu baƙaƙen ɗigo a jere, suna huda tafi su shige tare su cinye ciki. Alamar waje ita ce ɗan rami mai zubar da kashi da yauƙi, sannan tafin ya yi rawaya, in ka ɗaga shi a rana haske na ratsa shi. Feshi ba ya kai musu tunda suna ciki. Abin yi shi ne a tsinke jerin ƙwan da hannu, a yanke tafin da ya kamu a ƙone shi ko a binne da zurfi. Ƙananan tsirrai su suka fi mutuwa, domin jikinsu ɗaya ne, in an cinye kan da ke girma shi ke nan.

Mai son ɗaukar samfur don ajiya sai ya fara da takardar izini daga ma'aikatar muhalli ta ƙasar, kuma fitar da kaktus ƙetare yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe. Aikin kansa yana da wuya, shi ne ma dalilin da ya sa tsofaffin samfura ba su da kyau har sunaye suka yi ta ruɗewa. Tafin da aka danne yadda yake ba ya bushewa: ko ya ruɓe, ko ya yi ta tsiro cikin matsi har wata da watanni, ya fitar da farin reshe siriri da ba ya kama da komai. Sai a tsaga shi gida biyu ta faɗinsa da doguwar wuƙa, a kankare naman da cokali a bar fata da gurabunta, a jiƙa da barasar asibiti ko a barbaɗa gishiri don a kashe shi, a sa tsakanin jaridu da kwali mai ramuka, a ɗaure, a ajiye inda iska mai ɗumi ke ratsawa. A sauya jarida kullum a kwanakin farko. In an yi da gishiri a karkaɗe shi tas, domin yana jawo laima daga baya. Fure a tsaga wasu a danne, wasu a sa a kwalba cikin barasa mai kashi 70. A yanko ɓallin ɓawon gindi da ƙayarsa. A ɗauki hoton bishiyar gaba ɗaya da mutum ko sanda a gefe, a rubuta tsayi, launin fure da safe da yamma, da jinsin bishiyar. Tafi ɗaya a takarda ba tare da waɗannan ba kusan ba ya gaya wa kowa komai.

Dasawa ta fi sauƙi. A yanke tafi lafiyayye a mahaɗarsa, a jingine shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Ƙasar tukunya rabi tsakuwa ko yashi mai gautsi, rabi ƙasar lambu, da huji a ƙasan tukunyar. A kafa shi a tsaye, zurfin santimita 3 zuwa 5, a tokare da duwatsu, kada a ba shi ruwa sai bayan kamar kwana goma. Saiwa takan fito cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Abin da ke kashe shi kusan kullum ɗaya ne: an dasa da ɗanyen yanka, ko an yi ta ban ruwa, gindi ya yi baƙi ya yi laushi. In an gani da wuri a yanke har inda nama ya yi tsabta a sake shanyawa. Sanyi ma yana cutar da shi, tsiron bakin teku ne. Ba na ba kowa shawarar ya kawo shi ƙasarmu don ado. Tsiron da kowane ɓallinsa ke yin saiwa ba a sake shi a makiyaya. Abin da Opuntia stricta ta yi wa makiyayan Laikipia a Kenya, inda gashin ƙaya ke lalata baki da idon awaki, ya isa a duba.

Na dawo ta kudancin tafkin, Jimaní a bakin iyakar Haiti, sannan Duvergé da Cabral. A wannan ɓangaren buhunan gawayi suke a bakin hanya, awaki kuma suna cinye duk ƙaramin tsiron da ƙayarsa ba ta yi ƙarfi ba, sai ka ga manyan bishiyoyi ba matasa a ƙarƙashinsu. A Santo Domingo na shiga lambun tsirrai na ƙasa mai sunan Rafael Moscoso, wanda aka buɗe a 1976. A nan ake iya ganin wani kaktus ɗin da shi ma ya sha sauyin suna, furen Bayahibe, mai ganye na gaske da fure ruwan hoda, wanda Alain Liogier ya siffanta a 1980 da sunan Pereskia quisqueyana, doka ta mayar da shi furen ƙasa a 2011, yanzu kuma ana kiransa Leuenbergeria don girmama Beat Leuenberger da ya yi nazarin rukunin. Shi ma namiji daban, mace daban.

Ga duk mai dasa alpargata don farfaɗo da daji, wannan ne wurin da aiki ke lalacewa ba a sani ba. Yanko tafuka ɗari daga bishiya ɗaya mai kyau da ke kusa da hanya ya fi sauƙi, kuma duk za su kama. Amma in uwar namiji ce, an dasa gona guda da ba za ta taɓa yin iri ba, iguwana kuma ba za ta sami cikakken ɗa ba. A tsaga fure tukuna, a sa wa kowace uwa alama da lamba, a ɗebo daga bishiyoyi da yawa masu nisa da juna, kaɗan-kaɗan daga kowacce, a gauraya maza da mata a fili ɗaya, a kewaye da waya har gindin ya yi ƙayar da akuya za ta ji tsoro.